Kafin a kai ga wankin ƙoda, a saurari abin da naman ƙodar ke faɗi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ka ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Ni malamin sakandare ne a nan cikin birnin Katsina, bayoloji nike koyarwa, kuma abin da zan faɗa daga jinyar ƙanwata na samo shi, yau shekara biyu da 'yan watanni kenan muna zarya tsakanin Katsina da Kano. Duk sanda aka tada maganar ciwon ƙoda a rediyo ko a jarida ko a Facebook abu biyu kawai ake ambata, wankin ƙoda da dashen ƙoda, sai kuma hoton mara lafiya da lambar asusu ana neman taimako. Wallahi duk sanda na ga irin hoton nan sai gabana ya faɗi, domin na san akwai wata gaɓa can baya da aka tsallake, gaɓar da ake ɗaukar ɗan tsokar ƙoda da allura a duba a gane wace irin cuta ce, nawa ta cinye, nawa ya rage, kuma ina ta dosa. Wannan gaɓar nike so mutanenmu su sani.

Ƙanwata ta fara ne wata huɗu bayan haihuwarta ta biyu. Ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, gashi na zuba in an zo kitso, gyambo a cikin baki, sannan wani irin ja da duhu ya fito mata a kumatu ya haye karan hanci, musamman in ta sha rana. Aka ce maleriya, aka sha magani. Aka ce taifod, aka yi allurai. Gwaggonmu ta ce sanyin jego ne bai fita ba, aka shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe, mai kemis ɗin unguwa kuma ya riƙa ba ta ƙwayoyin kashe ciwo irin su dikulofenak tana sha safe da yamma, wanda daga baya muka gane su kansu suna ƙara ma ƙoda wahala. Da ƙafafu suka fara kumbura, fuska ta riƙa tashi da safe har ido ya kusa rufewa, sai magana ta koma jifa ne, ai tunda ta haifi namiji aka sa mata ido. Ita ce da kanta ta gaya ma Umma cikin jin kunya cewa fitsarinta na kumfa kamar an kaɗa omo, kuma kumfar ba ta kwanciya.

An yi gwajin jini na ƙoda, wanda ake kira kiriyatinin, ya fito kusan daidai, kowa ya yi hamdala aka ce ƙoda lafiya lau. To nan ne tarkon farko. Kiriyatinin ba ya tashi sosai sai ƙoda ta rasa kusan rabin aikinta, kenan mutum na iya zama da gobara a ciki alhali takardar jini na cewa babu komai. Allah ya haɗa mu da wani matashin likita da ya ce a kawo fitsari, ya tsoma ɗan tsinken gwaji, cikin minti ɗaya ya ga furotin da yawa da kuma jini wanda ido ba ya gani. Shi ya tura mu gwaje-gwajen jini masu duba garkuwar jiki, gwajin ANA da wani da ake kira anti-dsDNA da kuma C3 da C4, na farkon biyu suka fito da alamar cuta, na ƙarshen biyu kuma suka yi ƙasa. Ya ce sunan abin lufus, kuma ya taɓa ƙoda.

Lufus ba ƙwayar cuta ba ce da ke shiga daga waje, ba a ɗaukarta a wurin wani, ba a samunta a abinci. Garkuwar jiki ce, wadda Allah ya yi ta dan ta yaƙi baƙin cututtuka, take rikicewa ta juyo kan mai gida, ta riƙa ƙera makamai tana harbin fata da gaɓoɓi da jini da ƙoda. A cikin mutum goma masu lufus kusan tara mata ne, yawanci kuma a shekarun haihuwa, kuma kusan rabinsu sai ta taɓa masu ƙoda. An kuma tabbatar ta fi yawa ta fi tsanani a jikin baƙar fata. Ka duba gidajenmu ka ƙirga matan da ake cewa tun da ta haihu ba ta ƙara lafiya ba, sai ka san ba ƙaramar magana nike yi ba.

Likitan ya ce mataki na gaba shi ne bayofsi, wato a ɗauki ɗan naman ƙodar a duba. Malam Edita, nan fa gida ya rikice. Mijinta ya ce shi ba za a taɓa ƙodar matarshi ba, Umma ta fashe da kuka, Kawu ya ce ai kullum ana jin labarin an shiga asibiti an fito babu ƙoda guda, wa ya san abin da za su ciro. Ni kaina da nike koyar da yara darasin ƙoda a aji na yi shiru ban tsaya tsayin daka ba, kuma wannan shirun har gobe yana damuna, domin wata bakwai muka ɓata muna sha mata magani kaɗan kaɗan a makance, kumburi ya sauka ya dawo, ya sauka ya dawo, har hawan jini ya shigo kiriyatinin ma ya fara hawa. Sai a lokacin aka yarda.

Bari in faɗi yadda ake yi dan masu tsoro su ji daga bakin wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ba tiyata ba ce, ba a yanka ciki, ba a sa mutum barci. Sai an fara tabbatar da hawan jini ya sauka kuma jinin mutum na daskarewa yadda ya kamata. Ta kwanta rub da ciki, aka yi mata allurar kashe zafi a baya, likita na kallon ƙodar a na'urar sikanin, ya ce ta riƙe numfashi, ya tura wata siririyar allura ta ɗauko nama kamar guntun zare, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Sau biyu aka ɗauka. Bayan nan ta kwanta rigingine na wasu awoyi ana duba jininta da fitsarinta, washegari aka sallame mu da sharaɗin kar ta ɗauki kaya mai nauyi ko ta yi daka na sati biyu. Gaskiya ne akwai haɗarin zubar jini, shi ya sa ake ajiye mutum a sa mashi ido, wasu kan ga ja a fitsari kwana ɗaya ko biyu, amma ƙodar na nan a wurinta, abin da aka ɗiba ko a jikinta.

Kowace ƙoda na da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowane mataci dunƙulen siraran jijiyoyin jini ne kamar rariya, a bayanshi kuma akwai dogon bututu da ke maida ruwa da gishirin da jiki ke buƙata. A rana guda matatan nan na tace ruwa wajen lita 180, amma abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ɗan zaren naman da aka ciro yakan zo da matatai goma ko ashirin, su ne samfur, kamar yadda mai sayen gero a kasuwar Charanchi ke soka hannu cikin buhu ya ɗibo ya duba ya san sauran. Shi ya sa likitoci ke so samfurin ya kai aƙalla matatai goma, in bai kai ba hukuncin na iya zama da rauni.

Mu sai da muka je Kano aka ɗauka, wani ɓangaren naman kuma aka aika shi wani ɗakin gwaji a kudu, sati ukku muna jiran sakamako. Ranar da takarda ta iso likitar ƙodar, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ce mani Malam ja kujera ka zauna, ta ce ma ƙanwata ke ma Hajiya matso, wannan takardar taku ce ba tawa ba, ya kamata ku san abin da ke ciki. Ta ce an samu matatai 18. Guda 11 suna cikin kumburi mai ƙarfi, ƙwayoyin garkuwa sun cika su maƙil. Biyu daga ciki sun yi abin da ake kira jinjirin wata, wato bangon matacin ya fashe har wasu ƙwayoyi sun taru a gefenshi sun yi lanƙwasa kamar sabon wata suna matse shi, kuma wannan alama ce ta cuta mai gudu. Guda ukku sun riga sun mutu sun zama tabo. Sauran huɗu lafiya. Bututun da naman da ke tsakaninsu kuma tabon da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Daga nan ta nuna mana lambobi biyu a ƙasan takardar, kuma su ne zuciyar wannan wasiƙa tawa. Lamba ta farko tana auna wutar da ke ci yanzu, ana ƙirga ta daga 0 zuwa 24, ta ƙanwata 11 ce. Ta biyu tana auna tabon da ya riga ya zauna, daga 0 zuwa 12, tata 3 ce. Da na dawo gida Umma ta ce in fassara mata, sai na tuna mata gobarar babbar kasuwar Katsina ta 2021, na ce Umma in 'yan kwana-kwana sun iso kasuwa akwai rumfunan da wuta ke ci, akwai waɗanda suka zama toka, akwai waɗanda ba ta kai gare su ba. Ruwa na amfani a kan na farko da na ukku, amma ko tankar ruwa ɗari aka juye a kan toka ba za ta koma rumfa ba. Lamba ta farko rumfunan da ke ci ne, ta biyu toka ce. Mutum biyu na iya zuwa da kumburi iri ɗaya da kiriyatinin iri ɗaya, amma ɗaya wuta ce ta yi mashi yawa ɗayan kuma toka, na farko in aka ba shi magani mai ƙarfi ƙodarshi na iya farfaɗowa, na biyu kuma maganin nan illa kawai zai yi mashi, ya karya mashi garkuwa a banza. Babu gwajin jini ko hoton sikanin da zai raba maka su biyun nan dalla-dalla, sai nama. Umma ta yi shiru can ta ce, kenan matatai ukkun nan da mun zo da wuri... ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce komai ba.

Akwai kuma aji. Tun 2003 likitocin ƙoda na duniya suka kasa lufus ɗin ƙoda gida shida, aka yi ma tsarin kwaskwarima a 2018. Aji na ɗaya da na biyu masu sauƙi ne, galibi ba su buƙatar magani mai zafi saboda ƙodar. Aji na ukku shi ne cutar ta kama ƙasa da rabin matatai, na huɗu ta kama rabi ko fiye, waɗannan biyun su ne masu kai mutum wankin ƙoda in aka yi sake. Na biyar bangon rariyar ne ke yin kauri furotin ya riƙa tsiyaya da yawa, yana iya zuwa shi kaɗai ko ya haɗu da na ukku ko na huɗu. Na shida kuwa kashi 90 cikin ɗari ko fiye na matatan sun zama tabo, a nan sai dai a fara shirin wanki ko dashe. Ƙanwata aji na huɗu ce. Kuma ajin ba zanen dutse ba ne, yana iya canzawa, shi ya sa wani lokaci ake sake ɗaukar nama in cuta ta dawo ko ta ƙi jin magani.

Ɓangaren da aka aika kudu shi ne wanda ake shafa ma wani rini mai ƙyalli a duba a cikin duhu, a ga waɗanne makaman garkuwa ne suka maƙale a matatan. Nata ya haska da guda biyar gaba ɗaya, IgG da IgA da IgM da C3 da C1q, wanda hakan kusan tambarin lufus ne. Wannan gwajin yana son ɗanyen nama da aka adana a ruwa na musamman, in aka jefa duka samfurin a ruwan fomalin da aka saba sa nama a ciki to aikin ya yi wuya, kenan tun kafin a soka allura ya kamata iyali su tambaya, shin za a yi na ƙyallin nan? Domin wasu cututtukan ba a iya kiran sunansu sai da shi.

Misali wani saurayi ɗan Daura da muka riƙa haɗuwa da shi a layin ganin likita, shi ba lufus gare shi ba. Ya ce duk sanda mura ko ciwon maƙogwaro ya kama shi, kwana ɗaya ko biyu sai fitsarinshi ya koma kamar ruwan shayi, an yi ta ba shi maganin tsargiya shekara da shekaru tunda a wurinmu in an ga jini a fitsarin yaro tsargiya ake fara kawowa. Naman shi ne ya nuna IgA ce ta taru a tsakiyar matatan, cutar da wani likitan Faransa mai suna Jean Berger ya fara bayyanawa a Paris a 1968, wadda ita ce ta fi kowace irin kumburin matatan ƙoda yawa a duniya, duk da ta fi yawa a ƙasashen Asiya. Ita ma tana da nata ma'aunin da aka fitar a 2009 ake kiranshi tsarin Oxford, haruffa ne M da E da S da T, daga baya aka ƙara C ta jinjirin wata. Yaron ya haddace su kamar karatun allo. Ya ce likitanshi ya gaya mashi harafin T, wato tabon bututu da naman tsakani, shi ya fi nuna inda ƙoda za ta kasance nan da shekaru, in tabon bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba sifili ne, in ya haura rabi kuma biyu ne. Nashi sifili ne, ya ce ranar da ya ji haka ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Ka ga kenan ba kullum takardar ke kawo mugun labari ba, wani lokacin ita ke cire ma mutum dutse a ƙirji ta kuma hana a ɗora mashi maganin da bai buƙata.

Akwai kuma wata dattijuwa da ɗanta ya kawo daga wajen Mashi, ita sikanin ya nuna ƙodojin sun riga sun tsuke sun ƙanƙance, aka ce ba amfanin soka allura domin tabo kawai za a ɗebo ga haɗarin jini. Ɗan ya riƙa roƙo a yi mata irin wanda aka yi ma ƙanwata. Ban manta fuskarshi ba. Bayofsi ma lokaci gare shi, in ya wuce ya wuce.

Kawu, Allah ya ƙara mashi lafiya, da ya ji ana cewa takarda ta nuna yadda ciwon zai kasance gaba sai ya ce wannan shiga gaibu ne, likita ba shi ke da rai ba. Na ce Kawu gaskiyarka rai na Allah ne, kuma likitar ba ta ce ga ranar kaza ba. Abin da ta yi irin abin da kai kake yi ne in ka shiga gona a watan Agusta ka ga gero ya yi bununi ka ce in Allah ya yarda bana za a samu, ko ka ga wuta-wuta ta cika gona ka ce in ba a tashi tsaye ba an yi asara. An duba dubban marasa lafiya masu irin wannan alama a nama an ga yadda suka ƙare, shi ne ake kirdado da shi. Kuma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ina roƙon malamanmu masu wa'azi su taimaka da wannan bayanin, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi takarda goma daga asibiti shiga kunnen dattawanmu.

Ita kanta likitar ta ja mana kunne cewa nama ba shi kaɗai ke magana ba. Ta ce yadda furotin ɗin fitsari ya sauka a shekarar farko ta magani yana cikin manyan alamun yadda ƙoda za ta daɗe, in ya sauko ƙasa da giram ɗaya a rana, wajen 0.7, to akwai kyakkyawan fata. Sai hawan jini, sai kuma riƙe magani ba fashi. Ta kuma ambaci wani abin gado na jini da ake kira APOL1 wanda aka gano alaƙarshi da ciwon ƙoda a 2010, yana da yawa a jinin mutanen Afirka ta Yamma saboda yana ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba ƙodarshi ta fi saurin lalacewa in wata cuta ta taɓa ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu daina jiran sai an yi bincike a Turai ko Amurka a aiko mana, jikinmu na da nashi labarin kuma a namanmu yake rubuce.

Saboda takardar ta nuna wuta ta fi toka yawa, aka ɗora ta a kan firednisolon mai yawa ana ragewa a hankali, da maikofenolet, dukansu masu danne garkuwa, da haidiroksikulorokwin wanda ɗan uwan kulorokwin ɗin da muka sani ne amma a nan aikinshi kwantar da garkuwa, sai maganin hawan jini mai rage zubar furotin. Jinyar ba sauƙi. Fuskarta ta yi zagaye saboda firednisolon har 'yan dubiya suka riƙa cewa ai ga shi maganin asibitin ya ƙara kumbura ta a daina, alhali daina shi farat ɗaya haɗari ne babba. An hana ta ɗaukar ciki domin maikofenolet na nakasa jariri, sai cuta ta kwanta aƙalla wata shida an canza mata magani tukuna, kuma kowa ya san irin surutun da mace ke sha a gidan miji in goyo ya girma ba a ga wani cikin ba, sai da na je da kaina na zauna da surukarta na yi mata bayani, Allah ya saka mata da alheri ta fahimta har ita ke tuna mata lokacin magani yanzu. Ga gudun rana a gari irin Katsina, ga rage gishiri da magi, ga duba ido lokaci lokaci saboda haidiroksikulorokwin, ga azumin bara da likita ta ce ta dakata ta rama daga baya. Ga kuma kuɗi, wanda sai da muka saida fili. Amma a wata na goma sha biyu furotin ɗin ya sauko ƙasa da inda ake so, kiriyatinin ya dawo kusa da daidai, ƙafarta ta koma shiga takalmi.

Yanzu ga kokena ga hukuma. Muna godiya da injinan wankin ƙoda da ake sayowa, duk wanda ya ga mai jiran layin wanki ya san rahama ce. Amma wankin nan sau ukku ake so a sati, awa huɗu kowane zama, har ƙarshen rayuwa ko har a samu dashe, kuma iyalai nawa ne a jihar nan za su iya ɗaukar wannan ko na wata shida? Ya kamata a ware kuɗi a horar da likitan da ke karanta naman ƙoda a kuma sayo na'urar ƙyallin nan da rininta. Muna da asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, muna da jami'o'i, muna da yara masu ƙwaƙwalwa, abin da nike roƙo shi ne a haɗa hannu a kafa wuri guda a jihar nan da za a ɗauki nama a karanta shi cikakke a cikin sati ɗaya, mutumin Daura da na Funtuwa da na Dutsin-Ma da na Jibiya su daina bin hanyar Kano da kumburarrun ƙafafu. Hukumar inshorar lafiya ta jiha kuma ta sa bayofsin ƙoda da magungunan garkuwa cikin abin da take biya. Sannan kowane ƙaramin asibiti na karkara a ajiye tsinken gwajin fitsari a kuma koya ma ma'aikata cewa furotin da jini a fitsarin matashiya mai ciwon gaɓoɓi ba abin ba da maganin sanyi a sallama ba ne, abin turawa gaba ne a ranar.

Likitocinmu kuma, na san aiki ya yi maku yawa, mutum ɗaya na ganin layin da ya isa mutum biyar, amma dan Allah ku riƙa fassara takardar nan da Hausa. Minti goma da baiwar Allah nan ta ba mu shi ya sa ƙanwata ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, domin ta san tana kare matatai goma sha biyar ne da suka rage a cikin sha takwas. Mara lafiyar da aka miƙa ma takardar turanci aka ce je ki sayi wannan, ranar da kumburi ya sauka ranar za ta ajiye magani. Iyalai kuma ku yi tambaya ba rashin kunya ba ne, ku ce likita matatai nawa aka samu, nawa suka zama tabo, akwai jinjirin wata, wane aji ne, kuma ku adana kwafin takardar a gida domin duk likitan da zai ga mara lafiyar nan gaba sai ya neme ta. 'Yan uwana mata masu shafa man bilicin da masu shan ƙwayoyin ƙiba ku ma ku ji, wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri, wato zaiba, wanda aka tabbatar yana sa ƙoda zubar da furotin, ƙwayoyin ƙibar kuma dangin firednisolon ne, suna ɓoye alamun cuta su rikita likita.

Malam Edita, ranar 10 ga Mayu ce ranar lufus ta duniya, ranar ƙoda kuma Alhamis ta biyu a watan Maris. Ina roƙon ka tura wakilinku ya zauna da likitocin ƙoda na Katsina da Kano kafin lokacin, a ba su shafi guda su yi bayanin bayofsi da Hausar da Umma za ta gane, a sa hoton allurar ma mutane su ga girmanta. In kuna son wanda zai ba da shaida ƙanwata ta ce a shirye take ta yi magana ba tare da an sa sunanta ba. Ranar Talata mai zuwa za mu koma Kano a sake auna furotin, in ya tsaya inda yake likita ta ce za a fara maganar canza mata magani zuwa wanda ba ya cutar da ciki. Muna barar addu'ar masu karatu.

Naka,
Malamin makaranta daga Ƙofar Ƙaura, Katsina